Rigar da Ke Magana

A ɗakin Baba Tsalha, can Ƙofar Marusa,
akwai adakar da ta shekara ashirin a kulle.
Mutum uku ne kwance ciki, ba mai numfashi:
Alƙali mai guntun rawani,
Mahauci mai kunne ɗaya,
da Tasalla mai fura, wadda fentin leɓenta ya ɓare.

Ni ne ɗan da ya gudu.
Na ce dabo-dabo ba sana'a ba ce,
na rungumi keken ɗinki,
na bar tsoho da itatuwansa.

Sai ran nan 'yata Barira ta kai masa waya:
"Kaka, dubi mutanen Japan!
Ƙarti uku cikin baƙaƙen kaya
sun taru kan 'yar tsana guda.
Wai mai riƙon ƙafa sai ya shekara goma
kafin a ba shi hannun hagu."

Ya daɗe yana kallo, ya ƙanƙance ido.
"Su uku?" in ji shi.
"Ni kaɗai nake yi, rigingine a ƙasa,
babbar riga ce rumfata."
Ya yi shiru.
"Amma su sun sami wanda zai riƙe ƙafar."

Maganar ta same ni a bakin ƙofa,
kamar allura ta ɓata hanya ta shiga yatsa.

Da la'asar aka ɓalle kwaɗon da tsatsa ta ci.
Sanda biyu a tsakar gida, riga a kai,
Barira ta kutsa ciki tana atishawa.
Ya ba ta ɓawon ƙwan jimina ɗaure da zare:
"Ɗora a ganɗa. Kar ki haɗiye.
Muryarki ajiye ta, ba ke za a ji ba."

Kwana tara Alƙali na kuka kamar ɗan tsako.
Ran na goma ya leƙo ta wuyan riga,
ya dubi Mahauci sama da ƙasa,
ya yanke hukunci kan tsokar da ba a gani ba,
kansa na kaɗawa, kaɗawa.

Baba ya ɗaga sanda: "Wa ya koya miki wannan rawar kai?"
"Kai mana. Haka hannunka ke yi."
"Yarinya, wannan ba wasa ba ne. Tsufa ne."

Ba ta daina ba.
Har yau Alƙalinmu da makyarkyata yake shari'a,
yaran unguwa na tsammanin fushi ne.

Ni kuwa, dare ya raba ina kan keke,
ina toshe inda asu ya ci rigar.
Ƙafar ce aka ba ni, a shekara arba'in da bakwai.
Ban tambayi ranar hannun hagu ba.