Agogon Arkilla

Shekara ashirin da biyu ina dillanci,
Makullan mutane cike da aljihun 'yar shara.
Daga Mabera har Runjin Sambo
Ba gidan da ban san inda yake yoyo ba
In damina ta fara.

Ran Talata bayan la'asar, a Arkilla,
Rana ta gasa get har ba ya taɓuwa,
Na sa gefen riga na tura.

Malam Modi ne, wanda ya aje alli bara,
Da maiɗakinsa Kulu.
Ta tuɓe takalmi a bakin falo,
Ta yi sallama ga gidan da ba kowa.
Ta murɗa famfo, ya yi tari, ya kawo,
Ta ƙwanƙwasa bango, ta leƙa madafa.
Shi ko silin yake kallo,
Inda ruwa ya zana taswira.

Na san aikina. Na ce zan amsa waya,
Na koma gindin dogonyaro na tsaya,
Don miji da mata su yi shawara.

Da dare ina alwala waya ta yi ƙara.
Alhaji Ladan daga Kaduna, har da dariya:
“Ɗan'ige, tayin sha biyar, ka ce albarka.
Suna da sha tara.”

Na ce, wa ya hwaɗa maka?
“Ita da bakinta. Giratuti ya hito,
Ta sai da warwaronta da gonar Kware.
Ɗakin kusa da ƙofa take so
Don tsohuwarta ba ta iya takawa.
Har kuka ta yi. Ba su barin gidan ga.
Ka ƙara.”

Buta ta suɓuce mini.
Sai na tuna agogon falo.
An kwashe kujeru, an kwashe labule,
Ko tabarmar kaba ba a bari ba,
Amma shi yana nan, bai makara da minti ɗaya,
Kuma ƙarƙashin sha biyu ɗan ɗigo
Bai kai ƙwayar gero ba:
Kyamara.

Kakata kan ce bango na da kunne,
Mu yi ta dariya muna yara.

Alhaji ya ce gidansa ne, don ɓarayi ya sa.
Gaskiya ne, sau biyu suna yashe masa wayoyin wuta.
To amma ɓarawo ba ya tuɓe takalmi.
Kulu ta yi sallama,
Ashe da mai ji, ya ƙi amsawa,
Ya lafe yana tara abin da zai tara.

Da hantsi na sami Modi a zaure,
Na faɗa masa duk, ban rage ba.
Ya daɗe yana juya hula a gwiwa.
Daga bayan ƙyaure muryar Kulu ta fito,
Ba ta tambayi kuɗi ba:
“Malam, na hwa cire mayahina a ɗakin nan,
Don zahi.”
Ban sami abin cewa ba.
Na zo da lissafin miliyan huɗu a kaina,
Ita tana maganar sutura.

Ciniki ya mutu, la'ada ta bi shi.
Na ji zafinta, ba zan ɓoye ba,
Da ita na so in yi wa babur gyara.

Yanzu kafin in karɓi makulli
Sai na tambayi mai gida: da ido? da kunne?
Wasu su kashe, wasu su ce na cika tsirfa.
Mai saye kuwa tun a bakin get nake ce masa:
Ka duba da ido, ka riƙe bakinka,
Zancen kuɗi sai mun fito inuwa.
Akwai tsohuwar hula a jakata
Da nake kifa wa duk abin da ban yarda da shi ba,
Har na taɓa rufe ma'aunin zafi, aka yi ta dariya.

Gidan Arkilla yana hannun wani dillali.
Jiya na wuce, na ga mota a ƙofa,
Da takalma ƙafa biyu a bakin falo.
Na rage gudu. Na yi hon sau uku.
Ban san ko sun gane ishara ba.