Talatin da Ɗaya

A Wolverhampton, watan Nuwamba,
rana kan leƙo kamar mai bin bashi, ta ga ba kowa, ta koma.
Ni kuwa ina tafe da jakar kamfani a kafaɗa,
ina buga ƙofofin mutanen da ba su gayyace ni ba.

Arba'in aka ce in kawo,
masu sa hannu su canja kamfanin wutarsu.
Na kawo talatin da ɗaya.

Juma'ar ƙarshen wata na duba waya a tashar bas,
asusu wayam, kamar gidan da aka tashi.
Mista Pargeter, yana juya cokali a shayinsa, ya ce,
"Tanimu, ba ka cika ba, mu ma ba za mu cika ba."
Har da murmushi.

A Funtuwa, in ɗan ƙwadago ya bar kunya tara bai nome ba,
ba a ce masa sauran talatin da ɗayan
aljanu ne suka nome.

Na yi haƙuri mako biyu.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Na dafa, na kai wa mai gidan haya romon,
ta ce ita fam take karɓa.
Barira ta aiko saƙo daga gida: kuɗin makarantar Sagir.
Na karanta, na kife wayar.

Tun muna yara aka koya mana
a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe.
Nawa bai taɓa samun bushewa ba,
ruwan garin nan ke wanke shi tun yana goshi.
Ƙila shi ya sa ba su gan shi ba.

Danuta, 'yar Poland da muke raba titi, ita dama ni hagu,
ta ce, "Kana rubutawa?"
Ina rubutawa mana.
Tun ina yaron shagon kawu ban taɓa kwana da buɗaɗɗen lissafi ba.
Ɗan littafi mai jan bango, ya sha ruwa ya kumbura:
Litinin, tara zuwa shida, ƙofa ɗari da huɗu, kare biyu.
Talata, tsohuwar da ta ba ni shayi, ba ta sa hannu ba,
ta dai nuna mini hoton mijinta.

A ofishin ba da shawara, bayan laburare,
wata mai tabarau rataye a wuya ta buɗe shi a hankali
kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.
Ta bi kwantiragina har ƙananan rubutun ƙasa.
Ta ce kamasho daban, albashi daban,
kamasho ya bi arba'in, awowinka kuwa naka ne.
Kar ka yi sanya, in ji ta, ƙofar ƙara ma ana rufe ta.

Muka rubuta wasiƙa. Ba zagi, ba Allah ya isa,
ko da yake na yi ta a zuci sau uku kafin in liƙa kan sarki.
Ranaku, awowi, jimla, wa'adin kwana sha huɗu.
Can ƙasa: in ba haka ba, kotun ma'aikata.
Hannuna ya yi rawa a bakin akwatin gidan waya.
Baƙo ne ni, na sani.
Amma wanda ya buga ƙofa dubu biyu,
ba ta dubu biyu da ɗaya ce za ta razana shi ba.

Kwana sha uku, shiru.
Ran na sha huɗu, ina alwalar la'asar, waya ta yi ƙara:
fam dubu da ɗari shida da sha biyu,
da kwabo arba'in.
To, ga arba'in ɗin nan dai.

Babu "yi haƙuri", babu "kuskure aka yi".
Ban jira ba.
Barira, mai gidan haya, sai takalmi mai hana ruwa.
Na saya wa Danuta sabon littafi, nata ya cika.

Tsohon takalmin ban yar ba.
Yana bayan ƙofa, bakinsa a wage,
ko za a sake neman shaida.