Tsidugu

Ranar da Sada ya fito da shi daga kwali
na ce, wannan kare ne, ko gafiya ce ta yi gemu?
Bai fi tiya biyu ta gero nauyi ba,
gashi cirko-cirko kamar tsohuwar tsintsiya.
Ya dube ni ya yi haushi sau ɗaya,
sai ka ce ni ne baƙo a shagona.

Buhu arba'in gare ni a Ƙofar Marusa,
ɓeraye na fid da zakka ba da izinina ba.
Daren farko ya jera mini bakwai a bakin ƙofa,
ya zauna yana kaɗa guntun bindinsa,
yana jiran tukwici.

Sai na sa masa Tsidugu.
Ƙanƙane ne, amma taɓa ka ji.
Ya tare babur, ya kori bunsurun maƙwabta,
ya taɓa tsayawa gaban raƙumin Buzaye
yana yi masa faɗa kan hanya.
In na ɗaure shi wuni guda, ya tone gindin darbejiya.
In na zaga da shi bayan ganuwa da sassafe,
sai ya kwanta lamo kamar na kirki.

Likitar dabbobi ta rubuta mini a bayan katinsa:
allurar haukan kare duk shekara,
maganin tsutsa duk wata uku,
ban da albasa, ban da ƙashin kaza.
Ta buɗe bakinsa ta ce haƙoran nan ƙanana suna tara datti.
Ni da ban taɓa goge wa ɗana baki ba
ga ni tsugune da ƙyalle a yatsa.

Damina ta kaska ce.
Ina bin kunnensa da tsakanin yatsunsa
ina cire su ɗaya-ɗaya, ina jefawa a kananzir.
Bazara kuwa harshe waje, ciki na bugawa,
sai na jiƙa buhu na shimfiɗa masa a inuwa.

Tabawa ta ce kada ya ƙetare zaure.
Bai ƙetare ba.
Kaskonsa daban, igiyarsa daban,
in ya lashe ni na wanke kafin alwala.
Amma wa ke ajiye masa ƙanzon tuwo a murfin langa?
Ban tambaya ba.

Bana shekararsa tara.
Gwiwar baya ta fara zamewa:
taku uku, ya ɗage ƙafa, ya girgiza, ya ci gaba.
Gemun ya yi fari, nawa ma haka.
An ce in rage masa tsalle daga kan buhuna.
Wa zai gaya masa?

Jiya ɓera ya wuce ta gabansa.
Ya buɗe ido ɗaya, ya dube shi, ya dube ni.
Na ce, bar shi, Tsidugu,
ni ma yau ban ɗaga buhu ba.