Kunnen Gini

A Puno, bakin tafkin Titikaka,
inda gari ya hau tudu har ya kusa dafa gajimare,
iska ba ta da kauri.
Baƙo kan taka matakala goma ya tsaya, ya dafe ƙirji.
Nan nake, a ɗakin ƙasa na asibiti,
ni Fortunato Apaza,
shekara talatin da ɗaya ina tace wa mutane numfashi.

Ba ni da farar riga.
Tawa shuɗiya ce, gwiwar hannunta ta sha faci,
aljihu ɗaya sifana, ɗaya ganyen koka na taunawa.
Likitoci na da majinyatansu a sama,
ni ma ina da nawa a ƙasa:
tukunyar ɗumama ruwa mai tarin asuba,
lifta ta biyu da sanyi ke riƙe wa gaɓoɓi,
janareto, tsoho mai zuciya, sai da lallashi yake tashi.

Maigidana Hilario bai bar mini littafi ba.
Ya ce gini na magana, murya ce ba ya ɗagawa.
Ya kafa bakin sukundireba a jikin inji,
ya manna mini ƙotarta a bayan kunne:
"Bar kunne, yaro. Saurara da ƙashi."

Da haka na ci abinci, na aurar da 'ya'ya biyu.
Nakan ji fambel ya gaji kwana uku kafin ya tsinke.
Na san bututun da ke ɗiga cikin bangon ɗakin tiyata
tun fenti bai kumbura ba.
In na yi aikina daidai, ba wanda zai san na zo.
Sunana kan fito ne ranar da fitila ta ɗauke,
a faɗe shi da kaushi.

Sai wani dare a Yuni,
ruwa ya daskare a famfon tsakar gida.
Jarirai huɗu a kwalba, hawa na uku,
kowanne bai kai nauyin guduma ta ba.
Nelida Huanca, wata takwas da kama aiki,
takardar jami'a ko lanƙwasa ba ta yi ba,
ta tsaya gaban injin iska na biyu, ta karkata kai.
"Maigida, muryarsa ta sauya."
Na kafa sukundireba, na rufe ido, na jira.
Ban ji komai ba.
Na ce lafiyarsa lau, je ki sha shayi.
Ba ta tafi ba.
Ta mayar da layi kan injin ajiya, ta kashe wannan a gabana,
ni kuwa na cika fal da haushi.

Muka kwance murfi a hasken tocila, yatsu sun ƙage.
Boris ya niƙe.
Garin ƙarfe ya zubo mini a tafin hannu, da ɗuminsa, da laushi.

An ce abin da babba ya hango
yaro ko ya hau tsani ba zai gani ba.
To, daren nan daga tsaye yarinya ta ji
abin da ya wuce ni ina jingine da shi.
Ashe ba injin kaɗai ya cinye ba.
Ƙarar da na yi wa hidima ta karɓi ladanta a kunnena,
a hankali, yadda ake karɓar tsohon bashi.

Da asuba na goge sukundireba da gefen riga.
Ƙotar ta lotsa daidai inda babban yatsan Hilario ya zauna,
nawa kuma ya ƙara zurfin.
Na miƙa mata. Ta sa a aljihu, ba ta ce komai ba,
ta ci gaba da ɗaure noti.

Bayan mako biyar wata mata ta tare ni a baranda,
goye da jariri cikin mayafi mai ratsin ja,
ta ce, "Baba, ina ƙofar fita?"
Na nuna mata.
Da ta gifta na ɗan sunkuya wajen goyon.
Ban ji ba.
Amma na ga mayafin na ɗagawa, yana sauka,
na tsaya a nan, riƙe da bokitin fenti,
ina ƙirga numfashi.