Wuƙar Jikka Biyu

Jikka biyu da dala ɗari ke ƙulle a lalitata
ran Litinin ɗin da na shiga Maradi neman wuƙa.
Ba ta ado ba, ba mai naɗewa ba.
Wadda za ta kwana a kube, ta wuni cikin kaba,
ta fiƙe turke, ta feɗe akuya in ta kama.

Na wuce teburan ƴan koli.
Fararen wuƙaƙe na ƙyalli kamar cokalin baƙi.
Bara na sayi ɗaya.
Ba ta yi tsatsa ba, in faɗi gaskiya,
ba ta kuma yi kaifi ba:
dutse ya gaji da ita, ni ma na gaji.

Maƙerar Ja'o na bayan masu gawayi.
Bai ɗago kai ba ya ce,
"Nomau, ƙarfe ka zo saye ko madubi?"
Ya zube guntaye uku gabana
kamar mai duba zai buga ƙasa.

Na fari tsohon magagari ne, haƙoransa sun cinye.
Yaro ya murza keken wasa wuƙa,
Ja'o ya ɗora shi bisa dutse,
tartsatsi ya tashi yana haihuwa,
kowane ɗa na fashewa ya haifi wani.
"Ka gani? Wannan ya sha gawayi ya ƙoshi.
In na ba shi ruwa zai aske gemu,
ya yi sati bai nemi dutse ba.
Amma mai zuciya ne.
Ka sara shi a ƙashi, ko a busasshen ƙirya,
ya ɓantare, ya bar maka giɓi
kamar bakin tsohuwa mai dariya.
Jikka uku."

Na taɓa lalita, ban ce komai ba.

Na biyu ruwan zarto ne, siriri.
Ya lanƙwasa shi har kai ya gaida wutsiya,
ya saki, ya miƙe yana kuka.
"Na mai kilishi ne wannan, da mai yanka albasa.
Kai ko daji za ka."
Ya ture shi da ƙafa.

Na uku baƙi ne, mai kauri, duk laka.
Sifirin wata tsohuwar mota
da ta yi shekara ashirin tsakanin nan da Dakoro,
buhunan gyaɗa a bisa, ramuka a ƙasa.
Tartsatsinsa dogo ne, ba yawan haihuwa.
"Wannan ya saba da duka.
Zai dakushe kafin magagari, ban ɓoye maka ba,
duk kwana biyu sai ka zauna da shi bakin dutse.
Amma ka buga shi da gungume ka tsaga ice,
ka ɓanɓare, ka haƙa doya:
ya fi son ya sunkuya da ya karye."

Na ce, "Tsatsa fa?"
Ya yi dariya har zuga-zugi ya tsaya.
"Duk ƙarfen da ke ci, shi ma ana cinsa.
Ɗigon man gyaɗa, da bakin rigarka.
A Maradi kake tambayar mai?"

Na so magagarin nan, Allah ya sani.
Na ɗaga shi, na ƙyasta da farce,
ya yi ƙara kamar ƙararrawar lakwal.
Na ajiye.

Jikka biyu ga Ja'o, ƙotar ƙaho a ciki.
Dala ɗari ga badukun da ya ɗinka kube.
Na koma gida a ƙasa, ba kuɗin kabu-kabu.

Damina biyu ke nan.
Ruwanta ya yi baƙi, lemun tsami ya yi masa zane.
Sau ɗaya na manta ta cikin raɓa,
da safe ta tashi da jan ƙyanda,
na goge da toka ina ba ta haƙuri.
Har yau in na bi ta bayan masu gawayi
nakan leƙa ko magagarin na nan.
Ja'o ya ce wani mahauci ya ɗauka,
ya dawo da shi sau biyu a gyara baki.