Maɓalli na Ɗaya

Da sassafe Vakhtang ya kawo motar garejina,
can bayan kasuwar Kutaisi, inda ake jin kogin Rioni
idan an kashe inji.
Ya ce, "Otar, kujerar nan ta fara mantuwa.
Shekara tara ina danna lamba ɗaya
ta kai ni mazaunina.
Yanzu baya take ja na,
ƙafata na laluben birki kamar mai neman takalmi a duhu."

Lamba biyu ta 'yarsa ce, Eliso.
Ita ke jan motar da rana, shi da dare.
Tata lafiya lau, in ji shi.

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi.
Fiyus bai ƙone ba. Batir da ransa.
Na durƙusa kan kwali, tocila a baki,
na leƙa ƙarƙashi, inda kowace mota ke ɓoye asirinta:
tsabar kuɗi uku, murfin biro, busasshen ɓawon lemo,
da safar hannun wani yaro
da ya sauka tuntuni, ya girma a wani gari.
Na zare soket, na hura,
na kankare koren tsatsa a haƙori guda,
na mayar har ya ce ƙas.
Mita ta nuna wuta na isa.
Ƙananan injina huɗu ne a ciki, kowanne kamar dunƙulen hannu.
Na kira su ɗaya bayan ɗaya,
babu wanda ya ƙi amsawa.

Ita kujera ba ta san mutum ba.
Ƙirga take yi:
juyi nawa daga ƙarshen dogo
zuwa inda aka ce mata tsaya.
In lissafin ya ɓace, sai a kai ta iyaka,
gaba har ta daki ƙarfe,
baya har ta daki ƙarfe,
ta sake sanin faɗin duniyarta.
Haka na yi. Na shafa giris.
Na danna ɗaya.

Ta tafi tana gurnani, ta tsaya
daidai kan tsohon tabo,
inda fenti ya goge, ƙarfe ya yi ƙyalli.
Ko silin gashi bai shiga tsakani ba.

Sai na waiwaya na dube shi.
Yana bakin ƙofa, shayi a hannu,
kwat ta yi masa yawa a kafaɗa,
bel ɗinsa da sabon rami, hujin ƙusa.
Bayansa ya fara gaida ƙasa.

Na ce, "Je ka sayo mana burodi, da zafinsa."
Yana shan kwana
na matsar da ita gaba, faɗin yatsu uku,
na ɗaga ta kaɗan,
na riƙe maɓallin ajiya tare da lamba ɗaya
har ta yi 'yar ƙara.

Da ya dawo ya hau, ya danna,
tafin ƙafarsa ya sauka kan birki ba lalube.
"Ka gani? Nan nake zama!
Me ya same ta?"
Na ce tsatsa ce a soket.
Ya ƙirga mini lari ashirin, ya bar mini rabin burodin.

A littafi na rubuta: wankin soket, giris.
Da zan ɗauke kwalin
sai da na dafa bango kafin gwiwata ta yarda.