Rami na Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe ukun dare, ruwa na dukan kwano a Valdivia,
Ximena Huenchul ba ta runtsa ba.
Ga faranti mai rami casa'in da shida,
kowane rami da ɗan kifinsa, bai kai gashin ido ba,
ratsin jakin dawa bai ma fito masa ba.

Jikinsa garau kamar ɗigon hawaye,
ba ya iya ɓoye komai:
zuciya na dakan gaggawa,
jini na bin sahu ɗaya-ɗaya.

Shekaranjiya ta tsira musu allurar gilashi.
Yau cutar na ƙyallin kore a ƙarƙashin madubi,
ta kama daga wutsiya, ta doshi kai.

Sai ta tuna babanta a Calbuco,
yana kwasar matattun 'ya'yan salmon da shebur,
kwando bayan kwando, bai ce uffan ba.
A makon aka sallame shi.

Rami na arba'in da ɗaya:
koren ya dushe.
Ɗan kifin ya kaɗa jela, ya ba ta baya.

Ba ta yi guɗa ba.
Shaida ɗaya ba ta yanke shari'a.
Ta rubuta lambar a bayan hannunta,
ta je ta ɗora ruwan shayi.